Yadda Aka Daskarar da Tayin Ɓera Kuma Ya Rayu

Ka taɓa sa tumatir a firiza, ka fito da shi bayan ya narke? Za ka tarar ya yi laɓe-laɓe, ruwa na tsiyaya. Ƙanƙara ce ta tsiro a cikin ƙwayoyinsa ta yayyage su. Wannan matsala ce ta daɗe tana hana masana adana abu mai rai a cikin sanyi.

An fara samun mafita a 1949, lokacin da Christopher Polge da abokan aikinsa a Landan suka gano cewa sinadarin gilisarin yana kare maniyyin zakara daga daskarewa. Amma maniyyi ɗan mitsitsi ne, ruwansa kaɗan. Tayin ɓera kuwa ƙwayoyinsa manya ne, cike da ruwa. A 1971 David Whittingham ya sanar da cewa ya yi nasara, sai dai da wasu suka gwada hanyarsa, ba ta yi musu aiki ba.

Sai ya tafi Amurka, cibiyar bincike ta Oak Ridge a jihar Tennessee, ya haɗu da Peter Mazur da Stanley Leibo. Shi Mazur tun 1963 ya yi lissafin abin da ke faruwa, kuma nan ne lagon yake. In ka sanyaya ƙwaya da sauri, ruwan cikinta bai samu damar fita ba, sai ya daskare a ciki ya kashe ta. In ka bi a hankali, ƙanƙara a waje take fara tsirowa, gishirin ruwan da ya rage ya ƙaru, ya zuƙo ruwan cikin ƙwayar. Sai ta yanƙwane, amma da ranta. Ka cika jinkiri kuma, gishirin ne zai illata ta, shi ya sa ake zuba sinadarin kariya.

Da sinadarin DMSO suka yi aiki, suna rage zafi da digiri 0.3 zuwa 2 a minti ɗaya, har suka kai digiri 196 ƙasa da sifili a ruwan naitirojin, wasu ma 269. Narkarwar ma a hankali aka yi ta. Fiye da rabin tayin suka ci gaba da girma. Aka dasa su a mahaifar wasu ɓeraye, aka haifi 'ya'ya lafiya lau. Mujallar Science ta buga sakamakon a 1972, shekarar da Ian Wilmut shi ma ya yi nasara a Kambirij.

Daga nan abin ya gudu: ɗan maraƙi a 1973, jaririn mutum a 1984. A 1985 William Rall da Gregory Fahy suka nuna, a tayin ɓera dai, cewa ana iya mayar da ruwan kamar gilashi, ba ƙanƙara ko kaɗan. Wannan hanyar ce asibitocin taimakon haihuwa suka fi bi yau.

Za ka ce, ina amfanin ajiye ɓera? A 1989 gobara ta tashi a cibiyar Jackson da ke jihar Maine, ta halaka ɓerayen bincike kusan 400,000. Kowane iri shekaru ake yi ana kiwonsa kafin ya tsaya, kuma binciken cutar daji da ciwon suga a ƙasashe da dama a kansu ya dogara. Irin da ke kwance a tankin naitirojin, ko an rasa rayayyunsa, ana iya narkar da tayinsa a sake tayar da shi.