Rumbun Magariya da Yunwar El-Buhari

Ƴan'uwa, duk wanda ya ga rake da rogo a fadamun Korama, ya ga gawo cike da gonakin Magariya da Dungas, sai ya ce ai mutanen nan ba su buƙatar kowa. To amma ku dubi sunan da aka laƙaba wa yunwar 1984: El-Buhari. Fari ne ya hana hatsi, amma ba a kira ta da sunan fari ba, sai da na mutumin da ya rufe iyakar Najeriya a shekarar. Ashe rabin rumbunmu yana kasuwannin Daura da Maigatari! Yau kuwa gonar kaka ɗaya an yanka ta gida-gida, gero kan ƙare tun kafin shuka, samari su tsallaka Kano cin rani.