Duba lafiyar kwantena: manhaja na iya kasancewa da rai amma ba ta aiki

A harshen masana kwamfuta, kwantena wani ƙunshi ne da ake sanya manhaja a cikinsa tare da duk abin da take buƙata, domin ta yi aiki iri ɗaya a kowace na'ura. Docker, wanda ya fito a 2013, shi ya yaɗa wannan salo.

Kowace kwantena tana da babban aiki guda da ke gudana a cikinta, kuma idan ya mutu, ita ma ta tsaya. Hanya mafi sauƙi ta duba lafiyarta ita ce a tambaya ko aikin yana nan da rai, ta amfani da umarni irin su pgrep. A 2016 Docker ya ƙaro umarnin HEALTHCHECK, wanda a tsarinsa na asali yake gwaji duk daƙiƙa 30. Idan gwajin ya faɗi sau 3 a jere, sai a ayyana kwantenar marar lafiya.

Sai dai rai daban, aiki daban. Manomin rani a fadamar Goronyo ya san injin ban-ruwa kan yi ta ruri alhali ko ɗigo bai fito daga bututu ba. Shi ya sa Kubernetes, manhajar da ke kiwon kwantenoni masu yawa, ta raba tambayar gida biyu: yana raye? Kuma a shirye yake ya karɓi aiki?

Wannan bambanci bai tsaya ga kwantena ba, kuma 'yan Najeriya sun ɗanɗana shi ranar 25 ga Fabrairu, 2023. Ƙa'idar INEC ita ce jami'in kowace rumfa, daga Shinaka har Legas, ya ɗauki hoton takardar sakamako EC8A da na'urar BVAS, ya tura shafin IReV. Sakamakon majalisun tarayya ya shiga, na shugaban ƙasa ya ƙi. A rahoton da ta fitar a Fabrairun 2024, hukumar ta ce sabar ta riƙa mayar da saƙon kuskure na HTTP 500, saboda an tsara ta ne ta jera sakamako jiha-jiha, shi kuwa zaɓen shugaban ƙasa ba na wata jiha guda ba ne.

Idan aka ɗauki wannan bayani yadda yake, sabar ba ta mutu ba. Tana amsawa, kuskure ne kawai amsar. Gwajin da ke neman alamar rai kaɗai da ya ce lafiya lau. Abin da zai iya bankaɗo irin wannan cikas shi ne a tura sakamakon gwaji na kowane rukunin zaɓe, daga na'ura har shafi, tun kafin ranar jefa ƙuri'a.

Ranar 26 ga Oktoba, 2023, Kotun Ƙoli ta yanke cewa gazawar IReV ba ta isa ta rushe zaɓen ba.