Daga Zambiya Zuwa Bakin Iyakar Daura: Yadda Cutar Ƙullutun Fatar Shanu Ta Yaɗu

A shekarar 1929 ne likitocin dabbobi a ƙasar da ake kira Zambiya a yau suka fara rubuta labarin wata baƙuwar cuta da ke fesowa a jikin shanu. Sai a wayi gari saniya ta yi zazzaɓi, ta ƙi kiwo, bayan 'yan kwanaki fatarta ta cika da ƙullutai masu tauri. Da farko an ɗauka cizon ƙwari ne jikin dabbar bai karɓa ba, wasu kuma suka ce wata ciyawa ce mai guba. Sai tsakanin 1943 da 1945, da cutar ta shiga Botsuwana da Zimbabuwe da Afirka ta Kudu, aka tabbatar tana yaɗuwa ne daga garke zuwa garke. Kafin annobar ta lafa a 1949, ta kama shanu kusan miliyan 8 a Afirka ta Kudu. Daga baya bincike ya nuna ƙwayar bairos ce ke kawo ta, 'yar uwar wadda ke sa ƙuraje a jikin tumaki da awaki.

Daga kudu ta miƙo arewa. Ta bayyana a Kenya a 1957, ta kai Sudan a farkon shekarun 1970, sai Cadi da Nijar a 1973, sannan Nijeriya a 1974. A farkon shekarun 1970 ɗin nan ne aka yi babban farin da ya addabi yankin Sahel, lokacin da rashin ciyawa da ruwa ya tilasta wa makiyaya gangarowa kudu da dabbobin da yunwa ta riga ta galabaitar. Garkunan da ba su taɓa haɗuwa ba suka riƙa cin karo a mashaya ɗaya da burtali ɗaya, kuma irin wannan cakuɗuwa ita ce ke ba cuta ƙafa.

Wanda ya san ƙasar Daura ya san dalilin da ya sa wannan tarihi ya shafe ta. Masarautar tana bakin iyaka ne. Ta Kongolam a Mai'adua da Babban Mutum a Baure ake tsallakawa zuwa ƙasar Damagaram ta Nijar, kuma kowace Lahadi kasuwar Mai'adua na karɓar shanu daga ɓangarorin biyu. Wasu a loda su a mota zuwa kudu, wasu manoma su saya don huɗa ko kiwon turke. Ƙwayar cutar kan iya ɗaukar har makonni huɗu a jiki kafin alama ta fito, wata dabbar ma ba za ta nuna komai ba. Saboda haka mutum na iya sayen bijimi lafiyayye a ido, ya kai shi gida ya ɗaure cikin nasa, bai san abin da ya sayo tare da shi ba.

Kasuwa da burtali da mota su ne ke kai cutar nesa. Amma a cikin ruga ko ƙauye, ƙwari masu shan jini ne ke raba ta: sauro, ƙudaje masu cizo, da wasu nau'o'in kaska. Shi ya sa ta fi tashi da damina da farkon kaka, sa'ad da fadamu da kududdufai suka cika, shanu kuma suka taru a bakin ruwa irin na madatsun Sabke da Daberam. Akwai kuma hanyoyin da mutum ne ke buɗe su da hannunsa, kamar yi wa dabbobi da yawa allura da tsinke ɗaya, ko barbara da bijimin da ke ɗauke da ƙwayar. Ɓawon gyambon da ya bushe ya faɗi a turke na iya riƙe ƙwayar fiye da wata guda.

Ba kowace saniya ce cutar ke kayarwa daidai da 'yar uwarta ba. Maruƙa da shanun tatsa sun fi jin jiki, haka ma shanun Turai masu siririyar fata da 'ya'yan da aka samu ta haɗa su da na gida. Bunaji da Rahaji da Bokoloji sun fi juriya, amma su ma suna kamuwa. Ƙullutan sukan kai girman goro ko fiye, ga kaluluwa, ga majina da hawaye, ga kumburin ƙafa. Makiyayi gwani yana bambanta ta da kirci, wanda shi ɓawo yake yi a kan fata, gashi ya dunƙule. Cutar ba ta kama mutum.

Abin da ya sa aka daɗe ana yi mata riƙon sakainar kashi shi ne ba ta kisa da yawa. Yawanci dabbobin da ke mutuwa ba sa kai 10 cikin 100. Bushiya, da take share garke, ta samu gangamin ƙasa da ƙasa har aka bayyana ƙarewarta a duniya a 2011. Ita kuwa wannan talauta mutum take yi a hankali. Nono ya ƙafe, mai tallan fura ta rasa abin ɗauka. Saniya ta yi ɓari. Bijimin huɗa ya kwanta daidai lokacin da gona ke jiransa, amalanke ya tsaya. Ƙirgin da majemi zai saya ya fito da tabo da huji, darajarsa ta zube.

Duniya ta farga ne da cutar ta fita daga kudu da Sahara: Masar a 1988, Isra'ila a 1989, Turkiyya a 2013, Girka a 2015, Bangaladash da Indiya da Sin a 2019, har Italiya da Faransa a 2025. Ƙasashen Balkan sun shawo kanta bayan 2016 ta hanyar yi wa shanunsu allurar rigakafi gaba ɗaya, shekara bayan shekara, kowace ƙasa tare da maƙwabciyarta.

Wannan shi ne darasin da ya dace da Daura. Rigakafin da aka yi a Zango ko Sandamu ba zai wadatar ba idan ba a yi irinsa a Magarya da Matamaye na tsallaken iyaka ba, domin shanun ɗaya ne, mashayar ɗaya ce. A 1998 ƙungiyar ECOWAS ta tanadi takardar shaidar ƙetare iyaka da dabbobi, wadda ke nuna rigakafin da aka yi musu, kuma Nijeriya na da cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom tun 1924. Abin da ake bukata shi ne allurar ta iso ruga kafin saukar ruwan farko. Mai shanu kuma nasa aikin a bayyane yake: ya ware sabuwar dabba wata guda kafin ya haɗa ta da garke, ya canza tsinken allura daga dabba zuwa dabba, kada ya kai mai ƙullutu kasuwa, kuma ya kira malamin dabbobi tun ranar da ya ga alamar farko.