Karatun Mataimakin Jami'in Jinya ta Hanyar Aiki

Gabatarwa

A kusan kowane ƙauye namu akwai wanda aka sallamo daga asibiti da ransa, amma ya kasa komawa harkokinsa. Wani ɓarin jikinsa ne ya shanye, wani haɗarin babur ne ya taɓa masa hannu, wata kuma ƙunar wuta ce ta ƙanƙance mata yatsu. Likita ya gama nasa, sauran kuma wanda zai koya wa mutum yadda zai sake sanya riga, ya yi alwala, ya ci tuwo da hannunsa. Wannan shi ne fannin jinya ta hanyar aiki. A wannan shafi mun kawo bayani a kan karatun da ake yi domin zama mataimaki a fannin.

Mene ne wannan fanni?

Jama'a sun fi sanin masu gashin ƙashi, waɗanda ke mayar da hankali a kan ƙarfin gaɓoɓi da tafiya. Shi kuwa jami'in jinya ta hanyar aiki abin da yake dubawa shi ne: wane aiki ne wannan mutum yake bukatar yi a yininsa, kuma me ya hana shi? Daga nan sai ya mayar da aikin kansa ya zama magani. An kafa ƙungiyar farko ta masu wannan sana'a a Amurka a shekarar 1917, aka kuma kafa tarayyarsu ta duniya a 1952.

Ma'aikatan fannin mataki biyu ne. Akwai jami'i mai digiri, wanda ke auna majiyyaci ya tsara yadda jinyarsa za ta kasance. Akwai kuma mataimaki, wanda ke aiwatar da tsarin a ƙarƙashin kulawar jami'in, ya rubuta ci gaban da ya gani, ya kai rahoto. Mataimaki ba likita ba ne. Ba ya rubuta magani, ba ya yin allura, ba ya kuma canza tsarin jinya da ra'ayin kansa.

Ayyukan mataimaki

Ga kaɗan daga cikin abubuwan da ake horar da shi a kai:

1. Koya wa mai shanyewar ɓarin jiki dabarar sanya riga, wato ya fara zura hannun da ya raunana, in zai tuɓe kuma ya fara da mai lafiya.
2. Ƙara wa ƙotar cokali ko alƙalami kauri da roba ko tsumma, domin wanda yatsunsa ba sa damƙa.
3. Nuna wa wanda kuturta ta kashe wa jin zafi a hannu yadda zai riƙa duba tafinsa kullum, da naɗe marikin tukunya da ƙotar fartanya don kada ya ji rauni bai sani ba.
4. Taimaka wa yaron da bai iya zama da kansa ba da kujerar katako mai tokare jiki, tare da koya wa mahaifiya yadda za ta zaunar da shi lokacin ciyarwa.
5. Jagorantar masu taɓin hankali da ke samun sauƙi a ayyuka irin su saƙa, ɗinki da lambu, domin su sake sabawa da tsarin yini da cuɗanya da mutane.
6. Ba da shawara a kan gyaran gida, kamar kujera mai huji a kan masai ga wanda ba ya iya tsugunno.

Inda ake karatun da sharuɗɗan shiga

A Nijeriya karatun mataimaki na matakin difloma ne. Makarantar da ta yi fice a kansa ita ce ta Gwamnatin Tarayya da ke Oshodi a Legas, wadda ke ƙarƙashin Asibitin Masu Taɓin Hankali na Tarayya da ke Yaba, kuma ta fara aiki a farkon shekarun 2000. Mai son matakin digiri kuwa, Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife tana cikin masu bayar da shi. A Amurka karatun mataimaki kan ɗauki shekara 2 a kwaleji, har da mako 16 na cikakken aiki da majiyyata, sannan jarrabawar ƙasa.

Abin da aka saba nema ga ɗalibi shi ne kiredit 5 a jarrabawar WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fizis. Saboda haka wajibi ne yaro ya kama ajin kimiyya tun daga babbar sakandare. Lokacin sayar da fom da kuɗin makaranta sukan canza, don haka a nemi sanarwar shekarar daga makarantar kanta.

Abin da ake koyarwa

Ɗalibi yakan fara da sanin ginin jikin ɗan'adam da yadda gaɓoɓi ke motsi, da halayyar ɗan'adam, da matakan girman yara. Daga nan sai cututtukan da ke kawo naƙasa, da yadda ake rarraba aiki ɗaya zuwa ƙananan matakai, da haɗa karan ɗori na roba da sauran kayan taimako. Kashi mai yawa na karatun a ɗakunan majiyyata ake yin sa, a gaban ƙwararru. A nan ne ake gane mai haƙuri, domin akan yi makonni ana koya wa mutum ɓalla maɓalli ɗaya.

Rajista

Hukumar MRTB, wadda Doka ta 38 ta shekarar 1988 ta kafa, ita ce ke yi wa masu wannan aiki rajista, tare da masu gashin ƙashi da masu gyaran magana da ji. Muna jan hankalin iyaye da su tabbatar hukumar ta amince da makaranta kafin su biya ko kwabo. Takardar da ba za ta kai ga rajista ba asarar dukiya ce da shekaru.

Kira ga ƙananan hukumomi

A watan Agusta na 2020 aka tabbatar da kawar da asalin ƙwayar cutar shan inna daga Afirka, amma waɗanda ta riga ta naƙasa suna nan tare da mu. Haka kuma dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2019, ta tanadi kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati gare su. Gurbi ba ya amfanar wanda ba a shirya shi ya yi aikin ba.

Masu wannan ilimi kaɗan ne a ƙasar nan, kuma galibinsu suna manyan asibitocin birane. Muna ba shugabannin ƙananan hukumomi da hakimai shawara su zaɓi yaran yankinsu, maza da mata, su ɗauki nauyin karatunsu bisa yarjejeniyar dawowa gida su yi aiki. Sai dai tun kafin su kammala, a shirya da babban asibiti mafi kusa domin a sami jami'i mai digiri da zai riƙa duba aikinsu, tun da mataimaki ba ya aiki shi kaɗai. Ɗan gari ya san harshen majiyyaci, ya san tsayin dokin ƙofarsa da nisan rijiyarsa, kuma da waɗannan ake tsara jinyar da za ta ɗore.