Ruwa ya ci gona: wa ake kai ma ƙara?

 Tun da damana ta fara zuwa da ƙarfi shekarun nan, maganar da ake yawan kawo ma ƙungiya ita ce ta korama da ta yanke gona, ko ruwan hanya da ya kwanta bayan gidan mutum har katanga ta zube. Kowa tambaya guda yake yi: wa ake kai ma ƙara? Amsar tana da tarihi.

A ƙasar Bader Gula kakanninmu ba su san yawan ruwa a matsayin masifa ba. Ƙasa ce ta jigawa, ruwan shekara milimita 300 ne zuwa 400, rairayi ya shanye shi, saura ya gangara kwarin Tarka. Shari'ar da mai gari ya saba yi ta rijiya ce, da iyakar gona, da ɓarnar bisashe. Turawa ma da sunka buɗe bariki a Dakoro a 1947, haraji da rijiyoyi ne damuwarsu. Inda ruwa ya yi ɓarna zamaninsu shi ne Maraɗi: a 1945 gulbi ya cinye tsohon gari da ke cikin fadama, anka tada mutane anka maida su bisa tudu. Kumandan ya faɗa, aka yi. Ba a tambayi mai fili ba, shi ma bai san yana da ta cewa ba.

Bayan mulkin kai, dokar 26 ga Mayu 1961 ta ja iyakar noma ta wajen Tarka: kudu manoma, arewa makiyaya. Sai ga farin 1973 da na 1984. Itace ya mutu, jama'a ta ƙaru, anka daina barin gona ta huta, anka sare abin da ya rage. Nan ne asalin abin da muke gani yau. Ƙasar da ba ta da saiwa ba ta riƙe ruwa. In hadari ya sauko da ƙarfi, sai ya bi hanyar amalanke ko burtali, ya fafe ta, shekara kaɗan ta zama kwazazzabo. Cikin wannan tsakani kuma, a Disamba 1974, Seyni Kountché ya ce gona ta mai noma ta ce. Masu aro sunka ji daɗi, masu gado sunka tsorata, har yau in ruwa ya ci gona akan fara da gardamar ko ta wa ce.

Dokar ƙasar noma ta 2 ga Maris 1993, wadda ake ce ma Kod Rural, ita ta daidaita wannan. Ta ce gonar da mutum ya gada bisa al'ada mallakarsa ce daidai da wadda ke da takarda. Daga gare ta ne anka samu hukumomin filaye, waɗanda munka sani da suna kofo: ta gari ƙarƙashin mai gari, ta kwamin ƙarƙashin magajin gari, ta Dakoro ƙarƙashin perefe. Amma a lura da kyau, don nan mutane da yawa ke ɓata tafiya: kofo ba ta yanke shari'a. Aikinta ta je ta gani, ta auna, ta rubuta. Sulhu na mai gari ne da sarki. In an shirya a rubuta takardar sulhu, in ba a shirya ba a rubuta ta rashin sulhu, kuma da ita ce ake zuwa gaban alƙali. Wanda ya tsallake sarki ya tafi kotu, maido shi za a yi.

Kwamin ɗinmu ita ce auta cikin masu iko. Dokar 11 ga Yuni 2002 ta ƙirƙiro ta, anka zaɓi kansiloli na farko ranar 24 ga Yuli 2004. Doka ta ɗora mata tsabtar gari da kula da hanyoyinta, amma aljihunta bai wuce harajin kai da kuɗin kasuwa ba, ga ƙauyuka barkatai. Kuma ba kowane ruwa ne nata ba. In ruwan sama ne ya gangaro da kansa daga gonar tudu zuwa ta kwari, al'ada da dokar da munka gada daga Faransa bakinsu ɗaya: na ƙasa ya haƙura ya karɓa, kada ya datse, na bisa kuma ba ya da ikon haƙa rami ya juyo shi ga maƙwabci. Wannan magana ce ta mai gari. In kuwa hanya ce anka yi, ko ramin da anka ɗebi ƙasa, ko ginin hukuma ya sauya ma ruwa hanya, to nan ne mai gona ke da bakin zuwa ofishin magajin gari, da takarda a hannu, a buga mata hatimi, ya riƙe kofi. Ƙorafin baki a ranar kasuwa ba ya shiga kasafin kuɗi.

A Afrilu 2024 gwamnatin soja ta rushe majalisun kwaminoni duka, ta naɗa kantomomi. A damanar 2024 ce kuma ruwa ya yi ɓarna mai yawa a ƙasa, jihar Maraɗi na cikin waɗanda sunka fi jin jiki. Kansilan da mutum ya zaɓa, wanda zai tare a bakin masallaci, ya tafi. Mai gari, sarki da kofo suna nan.

Ga ƴan ci-rani da sunka bar gona hannun ƙane ko aro: in babu takardar kofo da sunanku, ranar da za a auna ɓarna wanda anka iske yana noma shi za a rubuta. Duk mai zuwa gida da kaka, ya nemi mai gari da shaidu a yi ta kafin ya koma.