Tsoro Ma Koyonsa Ake Yi

Mu marubuta mun saba rubuta cewa tsoro ya kama wane, sai ka ce zazzaɓi ne mai faɗo wa kowa. A zamanin En'e, bayan Turawa sun ci Kano a 1903 sun ƙara wa sarakuna ƙarfi, ɗan talaka koyon tsoro yake tun yana goye. Yana gani ubansa zai tuɓe takalmi tun daga nesa da ƙofar hakimi, ya faɗi gaisuwa. Jar rigar dogari kaɗai takan watsa kasuwa lokacin haraji. Abin lura, ba a kiran wannan tsoro. Ladabi ake ce masa, wanda ya rasa shi kuwa marar kunya ne.

Shi ya sa aikin NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ya yi wuya. Sai da su Malam Aminu Kano suka fara raba talaka da kunyar tambayar alƙali dalili, Gambo Sawaba kuwa ta sha ɗauri a wannan gwagwarmaya. Ko da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, an ce kakana ya shekara yana ɓoye kuɗinsa cikin rumbu, wai dogari zai dawo.