Hanyar da aka shata daga nesa: Gidan Rumji, Agiye da Gazawa a bakin kwalta

Duk motar da ta taso daga Yamai za ta Damagaram, tilas ta ratsa Gidan Rumji, ta gifta Tibirin Gobir, ta taɓa Maraɗi, sannan ta bi Cadawa da Agiye da Gazawa kafin ta shiga Tasawa. Wannan ita ce babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, RN1, wadda ake yi wa laƙabi da Hanyar Haɗin Kai. Yaron da aka haifa a bakinta yana ɗaukar ta tamkar gulbi ko tudu, wato abin da aka tarar tun fil azal. Alhali kuwa mutane ne suka zauna suka shata ta, a wurare da shekaru sanannu, saboda buƙatun da ba na mazauna wannan yanki ba ne. Shawara da masu gonakin da ta ratsa, da biyan su diyya, abu ne da ya zo a makare ƙwarai.

Kafin zuwan Turawa, fuskar ƙasar nan kudu da arewa take kallo. Ayarin gishiri da dabino yakan gangaro daga Abzin ya sauka Damargu, ya yada zango a Tasawa, ya wuce Gazawa, daga nan ya kutsa dajin da ya raba Katsinawan Maraɗi da masarautar Katsina ta bayan jihadi. Wannan turba ce Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarimu, ya bi tare da ayarin Abzinawa a watan Janairun 1851. Ya tarar da Gazawa gari ne mai kafi, a bakin iyaka, wanda mutanensa ke kwana da shirin yaƙi. Darajar Gazawa a wancan zamani ita ce kasancewarta ƙofar ƙarshe kafin Katsina da Kano. Tafiya daga gabas zuwa yamma akwai ta, amma ba ita ce jijiyar fatauci ba.

Abin da ya juya fuskar ƙasar ya faro ne a teburan Paris da London. Faransa tana da ƙafa a bakin kogin Isa, tana kuma kwaɗayin isa tafkin Cadi don ta haɗe mallakarta ta yamma da ta tsakiyar Afirka. Yarjejeniyar da ta ƙulla da Ingila ranar 14 ga Yuni 1898 ta zana wani baka mai nisan mil 100 kewaye da birnin Sakkwato, ta bar duk abin da ke cikinsa ga Ingila, sannan layin ya miƙe gabas na ɗan lokaci kafin ya karyo kudu. A bisa wannan zane, Birnin Ƙonni da Gidan Rumji da Tibiri da Maraɗi suna hannun Ingila, Agiye da Gazawa da Tasawa kuwa suna hannun Faransa. Babu sarkin Gobir ko na Katsina da ya san an yi wannan rabo.

Ba a cika shekara ba sai zanen ya zama jini. Rundunar kyaftin Voulet da Chanoine, wadda aka aika ta gano hanyar Cadi, ta ƙi bin hamadar da takarda ta ba ta, ta keto ƙasar da ke da rijiyoyi da hatsi. Ta yi karo da Sarauniya a Lugu cikin Afrilun 1899, ta ƙone Birnin Ƙonni a watan Mayu, ta ci gaba gabas tana kisa da kame mutane don ɗaukar kaya, har ta shigo ƙasar Tasawa. A Ɗan Kori, ranar 14 ga Yuli, Voulet ya sa aka harbe kanar Klobb da gwamnatinsa ta aiko ya tsayar da shi. Kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu suka kashe shi da Chanoine a wajen Mai Jirgi, inda kaburburansu suke. Wanda ya ɗora taswirar wannan tafiya a kan ta RN1 zai ga sun yi kusan kwanciya ɗaya tun daga ƙasar Arewa har Damagaram.

Bayan an kafa mulkin soja, matsalar ba ta kau ba. Ayarin Faransa mai kai abinci da harsashi Damagaram sai ya yi zagaye ta Filinge da Tawa, cikin ƙasa mai ƙarancin ruwa, raƙuma da mutane suna halaka a hanya. Saboda haka Faransa ta nace a ba ta abin da ta kira hanya mai biyuwa tsakanin kogi da tafki. An biya mata wannan buƙata a yarjejeniyar 8 ga Afrilu 1904, aka gyara ta a ta 29 ga Mayu 1906, sannan tawagar kyaftin Tilho da manjo O'Shee ta bi ƙasa tana kafa turakun iyaka daga ƙarshen 1906. Abin da Faransa ta bayar a madadi yana da ban mamaki: ta saki wasu haƙƙoƙinta na kamun kifi a gaɓar tsibirin Terre-Neuve, wanda yau yake cikin Kanada. Wato da kifin tekun da Bagobiri bai taɓa jin sunansa ba aka sayi rijiyoyin Gobir da na Katsinar Maraɗi. A nan ya kamata malamin tarihi ya dakata da ɗalibansa, domin galibi akan ce an yi iyaka sannan hanya ta bi gefenta. A wannan yanki kuwa hanyar ce aka fara nema, iyaka ta biyo bayanta.

Shata hanya a takarda daban, share ta a ƙasa daban. Ƙarfin talakawa ne ya yi wannan. Dokar aikin tilas da aka tsara wa Afirka ta Yamma ta Faransa a 1912 ta ɗora wa kowane namiji baligi wasu kwanaki a shekara na gyaran hanya ba tare da lada ba, ƙari a kan harajin da ake kira lanho. Kumandan ya faɗa wa sarki adadin mutanen da yake so, sarki ya raba wa masu gari, dogarai su tattaro. Da gatari da hauya da kwando aka sare sabara da kalgo, aka cike kwazazzabai, aka shimfiɗa kara da ciyawa a inda rairayi ke riƙe ƙafar mota. A ƙarshen 1924, lokacin da motoci takwas na kamfanin Citroën suka ratsa daga Yamai zuwa Damagaram a tafiyarsu ta keta Afirka, sun tsaya Tasawa sun ɗauki hotunan fadar sarki Barmu, aka nuna su a Paris ana tafi. Waɗanda suka share musu turba ba su shiga labarin ba. Da aka mayar da babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, zirga-zirga a kan hanyar ta ƙaru, nauyin gyaranta kuma ya ƙaru a wuyan ƙauyukan da ke bakinta. Shi ya sa a wancan zamani kusanci da hanya masifa ne. Gidaje da dama sun gwammace su nausa daji, wasu su tsallaka ƙasar Ingila. Game da gonar da hanya ta ci kuwa, dokokin mulkin mallaka sun ɗauki duk filin da ba shi da takarda irin ta Turawa a matsayin wanda hukuma za ta iya cewa ba shi da mai shi. Sai ranar 11 ga Afrilu 1946 dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny ta soke aikin tilas.

Duk da wannan wahala, ciniki bai yarda ya juya ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, gyaɗar Maraɗi da Tasawa kuwa can ta riƙa gangarawa, don nan ne kusa kuma nan ne arha. Daga 1953 hukuma ta ƙirƙiro shirin da ta kira Hirondelle, wanda ya tallafa wa manyan motoci su kwashi gyaɗa su yi yamma da ita, ta Doso da Gaya zuwa Paraku, jirgin ƙasa ya kai ta Kotonu, su komo da kayan kanti. Tafiya ce mai tsawo da tsada, amma tana cikin ƙasashen da ke amfani da kuɗi ɗaya.

Jamhuriyar Nijar ta gaji wannan tunani a 1960, sai dai ta ba shi sabuwar ma'ana. Ga gwamnatin Diori Hamani, ƙasar da yammacinta da gabashinta ba sa iya kai wa juna ziyara da damina ba ta gama zama ƙasa ɗaya ba. Aka riƙa zuba kwalta sashe-sashe a shekarun 1960 da 1970, akasari da kuɗin asusun raya ƙasashe na Turai, FED. Sashen ƙarshe na gabas, daga Gure zuwa Ngigmi, mai fiye da kilomita 400, Kanada ce ta ɗauki nauyinsa, kuma shi ne ainihin wanda aka fara kira Hanyar Haɗin Kai kafin sunan ya game sauran.

Daga nan al'amari ya kife: hanyar da ake gudu ta zama abin nema. Gidan Rumji da Agiye sun zama mazaunin hukuma a farkon shekarun 1970, Gazawa ta samu gundumarta a 2011 bayan an cire ta daga Agiye, kuma dukansu uku a bakin kwalta suke. Inda hukuma ta sauka, nan makarantar sakandare da asibiti da gidan jandarma suke sauka. Kasuwar Cadawa ta bunƙasa da aya da riɗi da wake, domin babbar mota tana iya tsayawa a bakinta. Garuruwan da ke da tsohon suna amma suka faɗa nesa da kwalta sun ga samarinsu da ƴan kasuwarsu suna zarewa ɗaya bayan ɗaya. Ta wannan hanya hatsin agaji ya iso a yunwar 1973 da 1974. Ta kanta kuma gero ya riƙa ficewa zuwa kasuwannin da suka fi tsada a 2005, shekarar da yaran Agiye da Gidan Rumji suka cika cibiyoyin jinyar tamowa. Ga kuma abin da ba a cika rubutawa ba: kwalta ta ratsa tsakiyar gari, makaranta a wannan gefe, gidaje a wancan, motocin dakon kaya suna wucewa da gudu a tsakani.

Haƙƙin mai gona ya taho a hankali, kamar mai ciwon ƙafa. Doka mai lamba 61-37 ta 24 ga Nuwamba 1961 ta tsara yadda gwamnati za ta karɓi fili don amfanin jama'a: a yi shela, a buɗe bincike, a biya diyya. Amma wanda ya gaji gonarsa daga kakanni ba tare da takarda ba, matsayinsa bai fito sarai ba sai da dokar 93-015 ta 2 ga Maris 1993, tushen kundin dokokin karkara, ta ce mallakar gargajiya da ta rubuce kariyarsu ɗaya, ta kuma kafa hukumomin filaye da ake kira COFO. A 1997 aka wajabta binciken illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su, dokar muhalli ta 29 ga Disamba 1998 ta ƙarfafa shi. Sai a dokar 2008-37 ta 10 ga Yuli 2008 aka rubuta ƙarara cewa mutanen da aiki zai tayar dole a shawarce su, a ƙidaya abin da za su rasa, a biya su kafin a taɓa kayansu. Daga yarjejeniyar 1904 zuwa wannan doka shekara 104 ke nan.

A ƙasar Agiye waɗannan ayoyin doka suna da nauyi na musamman, saboda yanki ne da jama'a ta yi yawa har hutun gona ya ɓace. Taku goma da aka yanke daga gonar gado ba a samun madadinsu a bayan gari. Manoman wajen Ɗan Saga da maƙwabtansu sun shahara da renon itatuwan da ke tsirowa da kansu cikin gonaki, har baƙi na zuwa daga wasu ƙasashe su gani; gawon da mutum ya yi shekara 20 yana tsaro, wanda ke ba gona taki, ya ba dabba abinci da rani, ba itacen wuta ba ne da za a kimanta da dami. Sannan akwai waɗanda rajistar diyya ke saurin tsallakewa: matar da ke noma gamanar da mijinta ya ba ta, wanda ya karɓi gona aro ko jingina, da makiyayin da burtalinsa ya gicciye hanya. Dokar makiyaya ta 20 ga Mayu 2010 ta amince cewa kai-komo haƙƙinsu ne, amma burtali ba ya zuwa taro ya yi magana, sai in an gayyaci masu bin sa. Akwai kuma ramukan da ake haƙar marmara, waɗanda in an bar su buɗe sukan zama kududdufai, dabba ta sha, sauro ya haihu, yaro ya faɗa.

Babban gibin da ya rage na harshe ne. Rahoton bincike kan muhalli da jadawalin diyya da Faransanci ake rubuta su, shafi ɗari bisa ɗari, a ajiye kwafi a ofishin magajin gari ko na gunduma. Taron jin ra'ayi da Hausa ake yin sa, amma abin da aka sa wa hannu ba da ita yake ba, kuma wa'adin kai kuka yana ƙarewa ko an karanta ko ba a karanta ba. A garuruwan da ake magana a kansu, waɗanda ke iya karanta takardar su kuma mayar da ita Hausar da tsoho zai gane ba su da yawa, kuma akasarinsu malaman makaranta ne da ƴan ƙungiyoyi.

Maganar ba ta tsufa ba, domin awo ya sake dawowa yankin ta fuska biyu. A Fabrairun 2021 Nijeriya ta aza harsashin layin dogo mai kimanin kilomita 284 daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, wanda kamfanin Mota-Engil ya karɓi kwangilarsa, wato tsohuwar fuskar kudu da arewa da ayari ke bi, ko da yake ta Maraɗi zai shigo, ba ta Gazawa ba. A 2025 kuma Bankin Duniya ya amince da dalar Amurka miliyan 400 don wani shiri na hanyoyin kudancin Nijar, wanda ginshiƙinsa shi ne sake gina sashen RN1 daga Maraɗi zuwa Damagaram tare da hanyoyin karkara masu shigo masa. Wannan sashe shi ne wanda ya ratsa Cadawa da Agiye da Gazawa, ta tsakiyar kasuwanninsu da gefen gonakin da ke bin kwalta hagu da dama.